Ƙeyar ɗiyata da ciwon bayana: yadda muka zaɓi magani

Ɗiyata tana da wata uku da 'yan kwanaki ranar da na lura cewa ƙeyarta ta shafe ta ɓangaren dama. Lokacin hunturu ne, na jira har hantsi ya dubi ludayi kafin na yi mata wanka, sannan na kwantar da ita a kan cinyata ina shafa mata mai. Ruwa ya kwantar da gashin kanta, sai na dube ta daga sama, abin da ban taɓa tsayawa na yi ba. Gefen hagu na ƙeyar yana nan da zagayensa, na dama kuwa kamar an goge shi da tafin hannu. Kunnen dama ya ɗan matso gaba ya wuce ɗan'uwansa, goshin ma ya ɗan turo ta wannan gefen. Na kira maigidana ya zo ya duba, ya tsaya a kanmu ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Ban sha wahalar neman dalili ba, domin dalilin yana jikina. Shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon baya, tun bayan haihuwata ta biyu. Ciwon a kwankwaso yake zaune, amma idan ya motsa sai ya bi ta bayan cinyar hagu ya sauka har sharaɓa, kuma cikin wannan yarinya ya ƙara masa ƙarfi. Yayyenta biyu a bayana suka yi wayo, da zani da majanyi nake girki da shara da zuwa unguwa. Ita kuwa idan na goya ta minti goma, sai na ji kamar ana tsaga mini ƙugu, don haka na koma kwantar da ita a katifa yawancin yini. Gadon yana jikin bango, taga da ƙofa duk suna hannunta na dama, saboda haka can take juya kai tana bin haske da muryoyin yayyenta. Ko nono ma a kwance nake ba ta, kuma kusan kullum ta gefen da ya fi mini sauƙi.

Ƙasusuwan kan jariri ba a haɗe suke ba, shi ya sa ake ganin maɗiga tana bugawa, kuma ba ta rufewa sai yaro ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Allah ya yi shi haka ne domin kai ya iya wucewa lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Amma ƙashi mai taushi yana bin abin da ya daɗe yana danne shi. Da zarar wuri ɗaya ya fara shafewa, sai kan ya riƙa komawa kansa, kamar ƙwaryar da gindinta ya baje, duk yadda aka ajiye ta can take zama.

Surukata ce ta fara kawo magani. Da ta zo ta shafa kan, sai ta ce, "'Yar nan, ai gashi ne bai yi ba lokacin jego. Ki kawo mini ita kwana bakwai, da tsumma da ruwan zafi zan mayar da shi daidai." Na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri, a bari mu fara kai ta asibiti a duba, abin da aka ce zan zo in faɗa." Ban yi haka don raina iliminta ba, matar da ta yi wa jikoki fiye da goma wankan jego. Tunanina shi ne, dannawar minti biyar ba za ta warware abin da kwanciyar awanni da yawa take yi kullum ba, ga kuma tsoron ruwan zafi a kan fatar jaririya. Sai dai Hajiya ta faɗi wata magana a ranar wadda daga baya likita ya maimaita da nasa kalmomin: ta ce yaran da suka goya a zamaninsu ba a cika ganin wannan a kansu ba.

Likitan yara da muka gani bai yi gaggawa ba. Ya bi layukan da ke tsakanin ƙasusuwan kan da yatsunsa yana neman tudu, ya taɓa maɗiga, ya auna zagayen kai da tef ya gwada da abin da ke rubuce a katin awo, sannan ya kaɗa makullansa a hagu da dama don ya ga ko wuyan yana juyawa. Ya bayyana mana cewa abu biyu yake nema. Na farko shi ne haɗewar ƙasusuwan kai tun kafin lokacinsu, matsalar da ke samun kamar jariri ɗaya a cikin 2,000 zuwa 2,500, wadda sauya kwanciya ba ya yi mata komai, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Na biyu shi ne ɗaurewar tsokar wuya ta gefe ɗaya, wadda ke hana yaro juya kai, kuma tana bukatar masu gashin ƙashi su koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da ita. Alhamdu lillahi bai sami ko ɗaya ba. Ya ce wuyanta lafiya lau, sabo ne kawai ta yi da gefen dama, kuma irin wannan shafewar ta kwanciya ba ta danne ƙwaƙwalwa.

Na tambaye shi ko in riƙa kwantar da ita rub da ciki idan za ta yi barci, tunda rigingine ne ya jawo abin. A nan ne kawai na ga ya ɗaure fuska. Ya ce kada in kuskura. A shekarar 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 kuma aka yi gangamin wayar da kai a kan haka a duk faɗin ƙasar, sai mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi. A daidai waɗannan shekarun ne kuma shafewar ƙeya ta yawaita a can. Likitoci sun san da wannan, amma ba su janye shawarar ba, domin ƙeya tana iya gyaruwa, rai kuwa ba a mayar da shi. Abin da ya ba ni shi ne aikin farke: in riƙa kifa ta a kan cikinta idan idonta biyu kuma ina tsaye a kanta, daga minti biyu ko uku sau da yawa a yini har ta saba, in juya mata kwanciya yadda taga za ta koma hagunta, in riƙa sauya gefen shayarwa, kuma a yawaita ɗaukar ta.

Maganar hula daga Ingila ta zo. Yayata da ke aure a can, da ta ga hoton da na tura mata, sai ta aiko mini da hotunan jarirai sanye da wata hular kwano ta roba da ake ƙerawa daidai da kan yaro, ta matse inda ya turo, ta bar fili inda ya shafe don ƙashi ya girma ya cike wurin. Ta ce idan muna so za ta taimaka da kuɗin. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata ga hular ƙwarai, domin abu ne da ido ke gani, kuma uwar da take jin ita ce sanadin matsala tana son ta yi wani babban abu don ta biya. Na kwana da yawa ina karatu a kanta a intanet bayan yara sun yi barci.

Ana sa hular ne awa 23 a kowace rana, tsawon watanni, kuma an fi farawa da ita tun yaro yana wata biyar zuwa shida, lokacin da kai ke girma da sauri. Dole a riƙa komawa wurin masu ƙera ta bayan 'yan makonni suna gyara cikinta. Hukumar lafiya ta Ingila ba ta cika bayar da ita ba, saboda hujjar amfaninta ba ta yi ƙarfi ba, don haka iyaye ke biya daga aljihunsu, kusan fam 2,000. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka wallafa a 2014. An ɗauki jarirai 84 'yan wata biyar zuwa shida masu shafaffen kai, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka sa musu hula wata shida, rabi aka bar su. Da suka cika shekara biyu aka auna su, sai aka ga waɗanda kansu ya koma daidai sarai kashi 26 cikin 100 ne a masu hula, kashi 23 a marasa hula, bambancin da masu binciken suka ce ba abin dogaro ba ne. Iyayen duk yaran da aka sa wa hular kuma sun kawo ƙorafi aƙalla ɗaya, kamar ƙaiƙayin fata, gumi, wari, ko wahalar rungumar yaro.

Adalci shi ne in faɗi cewa binciken bai haɗa da jariran da kansu ya fi lalacewa ba, haka ma masu ɗaurewar wuya da bakwaini, kuma a Amurka likitoci da yawa har yanzu suna ba da shawarar hula idan shafewar ta yi tsanani kuma sauya kwanciya bai yi aiki ba. Ban ga laifin uwar da ta zaɓe ta a irin wannan hali ba. Akwai kuma wani abu a cikin alƙaluman da ya sosa mini rai, wato ko da hula ko babu, yawancin yaran kansu ya gyaru ne kawai, bai koma daidai ɗari bisa ɗari ba. Sai da na zauna da wannan gaskiyar na karɓe ta. Daga nan na auna namu halin: shafewar ɗiyata matsakaiciya ce, watanninta na hula za su faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma ƙurajen zafi ke cin yara ko ba hula, ga tafiye-tafiyen gyara da ba mu da halinsu. Muka yi shawara da maigidana muka gode wa Yaya, muka ce a bar maganar. Wani matashin kai mai rami a tsakiya da wata maƙwabciya ta kawo mini shi ma na ajiye shi, domin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2022 cewa irinsa ba a tabbatar da amfaninsa ba, kuma yana iya toshe wa jariri numfashi.

Sai dai duk umarnin likitan yara a kan bayana zai hau. Kifa yarinya a tabarma yana bukatar in sauka ƙasa in tashi, yawaita ɗaukarta kuma shi ne ainihin abin da na kasa tun farko. Nan na gane cewa ba zan iya gyara kanta ba sai na fuskanci ciwon da na shekara huɗu ina lallaɓawa.

A cikin shekarun nan babu abin da ban gwada ba. Wasu sun ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe. Wasu sun ce sanyi ne. An yi mini ƙaho sau biyu, na ji sauƙi na kwana biyu ciwon ya dawo. Na sayi bel na ɗaure ƙugu, na koma kwana a ƙasa, na sha haɗin kemis har cikina ya fara zafi, saboda magunguna irin su diclofenac idan aka daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda. Wani mai kemis har tramadol ya miƙo mini, alhali ina shayarwa, kuma tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa su guje shi da kodin, domin suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi da wahalar numfashi. Wannan karon na tara kuɗi na yi hoton MRI, wanda ke nuna abin da ke cikin baya dalla-dalla, sakamakon ya nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na kwankwaso ya turo. Likitan farko da na kai wa, a wani asibitin kuɗi, ya ɗaga hoton ya duba, ya ce tiyata za a yi, ya faɗi kuɗin, ba tare da ya ce in tashi in taka ya gani ba. Na fito daga wurinsa jikina a sanyaye, kuma har yau ina ganin bai kyauta mini ba.

Wani ƙanen mahaifina ne ya matsa in je Asibitin Ƙashi na Dala in ji ta bakin wani. Likitan da na gani a can ya ajiye hoton a gefe ya fara da tambayoyi. Ya tambaye ni ko fitsari ko bayan gida yana kufce mini ko yana ƙin fita, ko ina jin tsakanin cinyoyina ya mutu, ko ƙafar tana rauni har takalmi ya zame ban sani ba. Ya sa na taka da dunduniya, na taka da yatsu, ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ya tambayi zazzaɓi da rama da gumin dare da tari, ya ce a ƙasarmu dole a tambayi wannan, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma mai shi zai iya ɓata watanni yana shan maganin sanyi har ƙashin ya rushe. Da duk amsoshin suka zo da a'a, sai ya ce, "Hajiya, mutum muke yi wa magani, hoto kuwa shaida ɗaya ce daga cikin shaidu."

Daga baya na je na karanta abin da ke bayan wannan maganar. A 1994 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, sai aka ga kashi 52 cikin 100 suna da faifan da ya turo, kuma kashi 36 ne kawai duk faya-fayansu suke daidai. Wato abin da aka nuna mini a hoto yana jikin mutane da yawa da ke yawo lafiya. Game da tiyata kuwa, wani bincike na Holan a 2007 ya bi mutum 283 masu ciwon da ke sauka ƙafa saboda faifai ya danne jijiya, aka raba su biyu, wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka ce su jira. Waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin samun sauƙin ƙafa, amma bayan shekara guda kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun ce sun warke. Kusan kashi 40 na waɗanda aka ce su jira sun ƙare da yin tiyatar daga baya, don haka ba a ce ba ta da amfani ba. Tana da wurinta, musamman ga wanda ƙafarsa ke rauni ko ciwon ƙafa ya hana shi rayuwa, kuma idan fitsari ya ƙwace ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan na gaggawa ne da ba a kwana da shi. Ni kuwa mafi yawan ciwona a kwankwaso yake, irin wanda tiyata ba ta cika yi wa alƙawari ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma a Disambar 2023 ta fitar da ƙa'idojin kula da wanda ya wuce wata uku. Da na duba, sai na ga bel ɗin da na dogara da shi da ƙwayoyi irin tramadol suna cikin abubuwan da ta ce kada a riƙa amfani da su, motsa jiki da ilimantar da mai ciwo da tausa kuma suna cikin waɗanda ta amince da su.

Aka tura ni sashen gashin ƙashi. Na je da zaton za a kwantar da ni ne a gasa mini baya da na'ura in tashi, sai matar da ta karɓe ni ta shimfiɗa tabarmar roba ta ce aikin nawa ne. Ta koya mini in kwanta rigingine in lanƙwasa gwiwoyi in ɗaga ƙugu sama in riƙe, in durƙusa da hannu da gwiwa in miƙe hannun dama da ƙafar hagu sannan in sauya, kuma in riƙa tafiya a ƙasa kowace rana, daga minti goma ina ƙarawa. Ta tambaye ni yadda nake shara da wanki, ta sa na sayi tsintsiya mai dogon mariƙi, na kuma ɗora bahon wanki a kan benci maimakon in duƙa a kansa awa guda. Ta ce ciwo kaɗan lokacin motsi ba alamar ɓarna ba ce, kuma doguwar kwanciya ita ce ke ƙara sandarar da baya. Wannan maganar ce ta fi yi mini wuyar yarda, domin shekara huɗu ina kallon bayana kamar tulun da ya tsage.

A tabarma ɗaya muka riƙa yin aikinmu ni da ɗiyata. Da hantsi, bayan yayyenta sun tafi makaranta, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki in kifa ta a kan zani, in durƙusa ta hagunta ina nawa motsin. Makon farko kuka take yi kafin minti biyu, fuskarta a cikin zanin, ni ma hannuna yana rawa kafin in ƙirga goma. A mako na uku ta fara dafa ƙasa ta ɗago kai, tana juyowa hagu tana neman fuskata, ni kuma ina kiran sunanta ina ƙirga nawa. Surukata ta ɗauki nata rabon ba tare da an roƙe ta ba, kullum da la'asar sai ta aiko a kai mata yarinyar ta goya ta har magariba, maganar gasa kan da ruwan zafi kuma ba ta sake tayar da ita ba. Maigidana ya juya gadon, ya kuma karɓi ɗaukarta da dare. Tana da wata shida da rabi na goya ta da kaina zuwa gidan maƙwabta na dawo, kamar minti ashirin, kuma a wannan watan ne na koma yin ruku'u da sujada a tsaye bayan na daɗe ina salla a kan kujera.

Yanzu watanta goma sha ɗaya, tana rarrafe tana kama kujera ta miƙe, kuma tun da ta fara zama ƙeyar ta riƙa cikowa. Wanda bai sani ba ba zai lura ba, amma idan na dube ta daga sama bayan wanka ina ganin kunnen dama har yanzu yana ɗan gaba, kuma likitan yara ya ce mai yiwuwa wani abu kaɗan ya rage wanda gashi zai rufe. Bayana bai warke ba. Ciwon ƙafar ya ja da baya ya koma kwankwaso, amma a tsakiyar damina na yi mako biyu masu wuya bayan na ɗaga bokitin ruwa a karkace, har na sha ibuprofen na kwana huɗu da izinin likita, sannan na koma tabarma. Mun yi yarjejeniya da likitan ƙashi cewa idan ƙafar ta fara rauni ko fitsari ya canza, a ranar zan je ba tare da jiran ranar ganin likita ba, kuma a lokacin za mu sake buɗe maganar tiyata. Hoton MRI ɗin yana nan cikin ambulan ɗinsa a saman durowa, zan tafi da shi wata mai zuwa idan na koma, a makon da za a sake auna kan yarinyar.